Kafin Ka Buɗe Asusu A Wikipedia: Zaɓen Suna Da Ladabin Baƙo

Duk wanda ya taɓa kwana kan furojet ko aikin gida a makarantar nan ya san Wikipedia, duk da malamai na ta jan kunnenmu kada mu kafa hujja da ita. Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, mutane irinmu ne ke rubuta wannan kundin ilimi, a kyauta, kuma ƙofarsa a buɗe take ga kowa. Jimmy Wales da Larry Sanger suka fara shi ranar 15 ga Janairu, 2001. Yau ana rubuta shi cikin harsuna sama da 300, har da Hausa. Gidauniyar Wikimedia da ke San Francisco a Amurka ita ke riƙe da na'urorin, amma masu sa kai ne ke rubuta maƙaloli, su kuma suke tsara dokokinsu.

Ni na shiga da ƙafar hagu, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan darasi kafin in bar makaranta, ko na baya sa huta da abin da ya same ni.

Yadda aka toshe mu

Lokacin da muke SIWES bayan shekarar farko, mu huɗu ne muke zama tare: ni daga Jega, biyu daga Aliero, ɗaya daga Maiyama. Wata rana muka duba abin da aka rubuta kan garuruwanmu, sai muka ga bai taka kara ya karya ba. Abin ya ba mu haushi. Aliero da ake lodin albasarta zuwa kudu har da ƙasashen maƙwabta, ga masu ɗorin karaya da ake zuwa wurinsu daga nesa, ga jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, a ce bayaninta bai fi 'yan layuka ba? Muka ce mu za mu gyara.

Ni na buɗe asusun, a ɓangaren Turanci. Na sa masa sunan ƙungiyar ɗaliban yankinmu, don a san da mu. Na tura wa sauran ukun kalmar sirri ta WhatsApp. Daren nan na rubuta cewa Aliero ta fi ko'ina noman albasa a Afirka baki ɗaya. Ban kawo madogara ko ɗaya ba, ji nake ai kowa ya sani. Da safe na tarar an cire. Na mayar. Aka sake cirewa. Abokina na Aliero ya shiga da asusun nan ya sake mayarwa, har ya ƙara da baƙar magana. Kafin la'asar an toshe asusun.

Na Maiyama ya kira ni: “Kai, mi yaf faru? Wanga abu ya ƙi buɗe man.” Na ce masa ai ƙiyayya ce kawai, ba sa son a ji labarin Arewa. Sai da na huce na karanta saƙon da aka ajiye mana. Babu zagi a ciki. An ce sunan na ƙungiya ne, kuma da alama mutum fiye da ɗaya ke amfani da asusun, an kuma nuna mana yadda kowa zai buɗe nasa ya ci gaba. Laifi uku muka yi cikin kwana ɗaya, ba mu san ko ɗaya daga ciki laifi ba ne.

Me ya sa suna ke da nauyi haka?

Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma a Wikipedia maganar ta zauna daram. Kowane gyara da ka yi, ko waƙafi ka ƙara, ana ajiye shi a tarihin shafi da sunanka, da rana, da lokaci. Kowa a duniya zai iya danna sunan ya ga duk abin da ka taɓa tun ranar farko. Rubutun kuma ana sakin sa ne a kan lasisin Creative Commons, wanda ya halatta wa kowa ya kwafa muddin ya ambaci marubuta. Saboda wannan haƙƙin ambato ne ba a goge asusu. Ana iya sauya masa suna, amma ba a share shi.

Abu na biyu, asusu ɗaya ne a ko'ina. Sunan da ka buɗe da shi a Wikipedia ta Hausa shi zai bi ka zuwa ta Turanci, ta Larabci, ta Faransanci, har Wikimedia Commons inda ake ajiye hotuna. Kowane harshe na da nasa tsarin, kuma dokokin da zan kawo galibi na ɓangaren Turanci ne, inda aka fi rubuta su dalla-dalla. Tun da sunan zai bi ka duk inda ka sa ƙafa, gara ka zaɓi wanda zai wuce ko'ina lafiya.

Sunayen da ba a karɓa

Na farko, sunan ƙungiya, kamfani, shago, makaranta ko ofis. Nan muka faɗi. Dalili biyu ne: irin wannan suna talla ne, kuma yana nuna kamar asusun na jama'a ne. Ƙa'idar ita ce mutum ɗaya, asusu ɗaya, don a san wanda za a tambaya idan an sami matsala. Saboda haka sunan kujera ma, kamar sakataren ƙungiya kaza ko kakakin sashe kaza, ba ya shiga, tun da bana kai ne, baɗi wani ne. Abin da aka yarda da shi shi ne sunan da ke nuna mutum guda, ko da ya ambaci inda yake aiki, kamar a ce wane na wuri kaza.

Na biyu, sunan da zai ruɗi mutane. Kada ka sa kalmar admin alhali ba a ba ka wannan matsayi ba. Kada ka sa kalmar bot, domin an keɓe ta ga manhajojin da ke yin gyara da kansu. Kada sunan ya yi kama da na ma'aikacin Gidauniyar Wikimedia.

Na uku, shiga rigar wani. Wannan ya shafe mu sosai, mu da ke ɗaukar sunan gari a matsayin sunan ƙarshe. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta INEC daga 2010 zuwa 2015, ba shi kaɗai ke amsa wannan suna a Jega ba. Haka ma Sanata Adamu Aliero, gwamnan Kebbi daga 1999 zuwa 2007, yana da takwarori. In sunanka na gaskiya ya zo ɗaya da na sanannen mutum, ka bayyana a shafinka cewa kai daban ne, ko ka ƙara wani abu da zai bambanta ku. In ba haka ba ana iya rufe asusun har sai an tabbatar da ko kai wane ne. Haka nan kada ka ɗauki sarautar da ba taka ba, ka ce kai ne Sarkin Kabin Jega don wasa.

Na huɗu, sunan zagi, batsa, tsokana, ko cin zarafin wata ƙabila, addini ko ɗariƙa. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ina dai ƙarawa da shawara: sunan kamfen, irin na “sai wane” da muke sawa a Facebook lokacin zaɓe, ka bar shi can. Ko bai jawo toshewa ba, duk gyaran da ka yi kan siyasa za a dinga kallonsa da zargi.

Akwai kuma 'yan abubuwan na'ura. Harafin farko yakan koma babba da kansa, amma sauran haruffa ana bambanta babba da ƙarami, don haka ka tuna yadda ka rubuta. Alamomi irin su @ da # ba sa shiga, wato adireshin imel ba zai zama suna ba. In sunan ya yi kama sosai da na wani da ya riga ka, kamar ka sa sifiri a madadin harafin O, na'urar za ta ƙi. Sannan ka yi tunani kafin ka sa ƙ, ɗ ko ɓ a cikin suna. Ranar da wayarka ta mutu ka je ɗakin kwamfuta, allon rubutun can ba lallai ya ba ka su ba.

Sunan gaskiya ko laƙabi?

Duka biyun an halatta, zaɓi naka ne. Mai amfani da sunansa na gaskiya yana iya nuna aikinsa gobe wurin neman aiki ko gurbin karatu. Amma ka tuna garuruwanmu ƙanana ne. In ka gyara wani abu kan rikicin sarauta ko kan ɗan siyasa da cikakken sunanka da sunan garinku, kafin magariba an san gidanku. Ni da laƙabi nake aiki yanzu, kuma ita ce shawarata ga 'yan uwa mata musamman, saboda masu bibiya da damun mutane ba su ƙare ba. Kada ka sa lambar waya, lambar rajistar makaranta ko shekarar haihuwa a cikin suna.

In ka riga ka yi kuskure, akwai fom na neman sauya suna, wasu masu sa kai da aka ba wannan izini su ke dubawa. Gyare-gyarenka za su koma kan sabon sunan. Sai dai tsohon zai ci gaba da fitowa a tsoffin tattaunawar da ka sa wa hannu, kuma rajistar sauyin a buɗe take. Magana zarar bunu ce, haka suna ma a nan.

Game da laƙabin karatu, kamar Injiniya ko Dakta, ba ya ƙara maka nauyi a muhawara. A 2007 aka gano wani babban edita a ɓangaren Turanci mai suna Essjay, wanda ya daɗe yana cewa shi farfesa ne a ilimin addini, ashe saurayi ne ɗan shekara 24 da ba shi da waɗannan digirori. Har mujallar The New Yorker ta ɗauki maganarsa a 2006. Da asiri ya tonu sai ya ajiye muƙamansa ya tafi. Tun kafin wannan da bayansa, abin da ake tambaya shi ne ina madogararka.

Ladabin baƙo

In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ga abubuwan da na koya bayan na buɗe sabon asusu ni kaɗai.

Ka fara da ƙaramin aiki. Gyara kuskuren rubutu, ƙara madogara, daidaita kwanan wata. Kowane asusu na da shafin gwaji inda za ka yi ta kwaba ba mai ce maka kanzil. A ɓangaren Turanci sai asusunka ya kwana 4 kuma ka yi gyara 10 kafin a bar ka ka ƙirƙiri sabuwar maƙala kai tsaye. Kada ka ga kamar raini ne, lokacin koyo ne aka ba ka.

Kowane gyara ka bar masa ɗan bayani. Akwai akwati a ƙasa da ake rubuta abin da aka yi, kamar “na gyara sunan gunduma” ko “na ƙara madogara”. Wanda ya shigo gida ba sallama dole a bi shi da ido.

In an cire rubutunka, kada ka mayar da fushi. Kowace maƙala na da shafin tattaunawa a bayanta. Je can ka tambayi dalili cikin ladabi, ka sa hannu da alamar ~~~~ guda huɗu, ita za ta fito da sunanka da lokaci. A ɓangaren Turanci akwai doka: wanda ya soke gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe shi, ko da shi ke da gaskiya. Ko bai kai ukun ba, in aka ga ja-in-ja yake yi, hukuncin na iya hawa kansa.

Ka kyautata zato. Wannan ƙa'ida ce rubutacciya, kuma akwai 'yar uwarta da ta hana tsoffin hannu muzguna wa sababbi. Wanda ya cire maganata kan albasa bai san ni ba, bai san Aliero ba, iƙirari kawai ya gani babu hujja. In kuwa wani ya yi maka rashin mutunci da gaske, kada ka rama, ka kai wa admin. Ka yi magana kan rubutu, ka bar mutum.

Kada ka buɗe asusu da yawa don ka mara wa kanka baya, ko don ka zille wa toshewa. Na yi niyyar haka ranar da aka rufe mu, wani yayanmu da ya daɗe a harkar ya ce min, “Ƙanena, kul. Yanzu suna kawai za ka sake, in ka yi haka kuwa kai za a kora.” Akwai editocin da ke da izinin duba bayanan na'ura su gano asusun da mutum ɗaya ke juyawa. Tara abokai a WhatsApp su zo su goyi bayanka a muhawara shi ma kusan laifi ɗaya ne.

Kada ka rubuta maƙala kan kanka, ko mahaifinka, ko ubangidanka, ko ƙungiyarku. In an biya ka kuɗi don ka yi rubutu, sharuɗɗan Gidauniyar tun 2014 sun wajabta ka bayyana wanda ya biya ka. Na san lokacin zaɓe ana neman ɗalibai su wanke 'yan takara a intanet. Dubu biyar ɗin da za a ba ka za ta ƙare cikin kwana biyu, tabon kuwa yana nan a tarihin asusunka.

Ka yi hattara da rayayyun mutane. A 2005 wani ya rubuta ƙarya kan ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, ya danganta shi da kisan John F. Kennedy da ƙanensa Robert. Ƙaryar ta yi wata huɗu a shafin kafin a cire. Bayan wannan abin kunya aka tsaurara doka: duk zargi kan mai rai da ba shi da madogara mai ƙarfi, cire shi ake yi nan take. Jita-jitar majalisa da ta tashar mota ba ta da wuri a nan.

Madogara: inda ya fi yi mana ciwo

Wannan shi ne ya fi ba ni wahalar haɗiyewa. Kakana ya san tarihin Jega ciki da bai, tun daga Buhari ɗan Abdussalami da ya kafa ta, har yadda kasuwarta ta bunƙasa. Amma “kakana ya ce” ba ya shiga Wikipedia. Abin da aka wallafa ake karɓa: littafi, jarida, mujallar bincike, rahoton hukuma. Da farko na ga kamar zalunci ne ga al'ummar da tarihinta ke baki. Har yanzu ina ganin akwai asara a ciki. Amma da na tuna yadda gida biyu a gari ɗaya kan ba da labarin sarauta iri biyu, sai na gane in aka buɗe wannan ƙofa ba mai iya rufe ta.

Mafita ita ce mu nemo rubutattun. Littafin Murray Last kan Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, yana nan a ɗakunan karatu. Jaridu irin su Aminiya da Daily Trust, da sashen Hausa na BBC, sun sha kawo rahoto kan albasar Aliero da kasuwannin yankin. Masana aikin gona sun yi bincike kan noman albasa da ajiyarta. Abin da majiya ta faɗa shi za ka rubuta, da kalmominka, kada ka kwafa, kada ka ƙara gishiri. A bar kirari irin na “garin da babu kamarsa”. In ka ce an kafa Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da ƙananan hukumomi 21, Jega da Aliero da Maiyama na cikinsu kuma suna ƙarƙashin masarautar Gwandu, ka faɗi abin da kowa zai iya bincikawa ya tabbatar.

Hoto ma haka. Na taɓa ɗauko hoton kasuwa daga Facebook na ɗora, aka goge, domin ba ni na ɗauka ba. Hoton da ka ɗauka da wayarka shi ne naka. In mutane za su fito a ciki, nemi izininsu tukuna, musamman mata da yara.

Ga masu rubutu da Hausa

A nan aka fi buƙatar hannunmu. Roƙona biyu ne. Kada ka zuba maƙalar Turanci cikin manhajar fassara ka kwaso ka liƙa ba tare da ka karanta ba. Irin wannan Hausa ko mai ita ba ya gane ta, kuma wani ne zai zo ya sha wahalar gyarawa. Sannan a yi amfani da daidaitacciyar Hausa da haruffa masu ƙugiya, domin baƙi daban, baki daban. “Wanga” da “mi” namu ne, muna alfahari da su, amma maƙala ta mai karatu ce a Kano da Maraɗi da Kumasi baki ɗaya.

In za ku shirya zaman koyo a aji ko a ɗakin kwamfuta, kowa ya buɗe asusunsa tun daga gida. Na'urar ba ta barin a buɗe fiye da asusu 6 cikin awa 24 daga layin intanet guda, sai mai izini na musamman. Kowa ya sa imel, don ranar da aka manta kalmar sirri ita ce kaɗai hanyar dawowa. Akwai kuma ƙungiyar editocin Wikimedia na Hausa da ke shirya horo, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Mu huɗun nan, uku muna nan muna gyara, kowa da sunansa. Na Maiyama ya fi mu ƙwazo yanzu, sunayen garuruwa da gundumomin ƙaramar hukumarsu yake bi ɗaya bayan ɗaya yana nemo musu madogara. Maganar albasa kuwa na mayar da ita daga baya, na ce Aliero ta shahara da noman albasa, na kawo rahoton jarida, ba wanda ya taɓa ta. Wanda ke son mu zauna in nuna masa yadda ake buɗe asusu, ya neme ni ta ofishin mujalla kafin mu fara jarrabawar ƙarshe. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya, amin.